Ranar da Jirgin Ya Yi Tari

Zauna, maigidana, ka ajiye makullin motar nan. Kullum kana sauri kamar an biyo ka. Bari ka ji wani misali.

An yi wani mutum mai gyaran injin ban ruwa a bakin fadama. Allah ya buɗa masa, har ya je makarantar tuƙin jirgin sama da furfura a gemunsa, ya zauna cikin sa'o'in 'ya'yansa, ya sha dariya, ya samo lasisi. Da ya dawo sai ya sayi wani tsohon ƙaramin jirgi, kujera biyu kacal, farfela a hanci kamar fanka. Ba don alfahari ya saya ba. Mahaifinsa tsohon manomin albasa ne, yanar ido ta fara rufe masa gani, kuma ya taɓa cewa shi dai da zai ga gonarsa da kogi daga sama, yadda shirwa ke ganinsu, da ya gode Allah. Ɗan ya riƙe maganar nan a zuci. To sai damina ta sauka, ya tura jirgin ƙarƙashin rumfa a ƙaramin filin jirgi na bayan gari, ya lulluɓe shi da tamfol ya ɗaure, daidai yadda yake yi wa injin ban ruwa. A ganinsa inji ai inji ne.

Da ruwa ya ɗauke sai ya sa rana. Tsoho ya sha babbar riga, aka riƙo hannunsa aka ɗora shi a kujera, aka ɗaura masa bel. Gari ya fito kallo, har masu tallan gyaɗa. Mutumin ya tayar da inji, ya ja jirgi zuwa bakin hanyar tashi, ya tsaya yana ba shi wuta yana saurare, kamar yadda aka koya masa. Can sai inji ya yi tari. Sau ɗaya, ya kuma ci gaba da rurinsa lafiya lau. Zuciyarsa ta ce, haba, injin ban ruwa nawa ka ji ya yi tari ya kuma wuni yana zuba ruwa? Ga jama'a na ɗaga hannu. Ga idon tsoho, yau ya fi gobe. Amma ya san abu guda: injin ban ruwa in ya mutu, tsaki za ka yi ka ɗauko sifana. Sama kuwa ba ta da gefen titi da za ka faka. Ya miƙa hannu ya kashe.

Wai, zo ka ji baki! Wani ya ce, “Alhaji, ashe jimina ka sayo mana, ga fiffike ba tashi!” Wani ya ce a kawo jaki ya ja shi gida. Kunya ta rufe shi, ya kasa duban mahaifinsa. Da ƙyar ya ce, “Baba, ka yi haƙuri, ban yarda da shi ba.” Tsoho ya ce, “To sauke ni mana. Ni ido ne ke barina, ba rai ba. Kada ka haɗa mini biyu.”

Mutumin bai taɓa jirgin da dabarar bakin fadama ba, ta a ɗaure da roba a buga da guduma. Ya kira injiniyan jirgi mai izini, ya tuɓe rigarsa ya zama ɗan aike a kan abin da ya saya da kuɗinsa. Suka bi hanyar mai tun daga tanki. Ashe tankin yana da wani ɗan siririn bututu da yake shaƙar iska, in ya toshe mai ba ya gangarowa sosai. Cikin damina zanzaro ya bi ta ƙarƙashin tamfol ya gina ɗakinsa na laka a ciki, tsaf. Da sun tashi, da man ya yanke suna kan kogi. Tun da an buɗe, suka duba sauran, sai ga tiyon mai ya tsattsage, irinsa kuma sai an aiko daga ƙasar waje. Aka zauna jira. Kowace safiya yakan je gaida tsoho, ya ga yana lalubar butarsa. Duk da haka bai liƙe tsohon tiyo ya mayar ba. Da sabon ya iso aka ɗaura, ya ɗinka wa kowace kafa ta jirgin marfi da jan ƙyalle don kada a manta a cire. Ya tashi shi kaɗai, ya zaga, ya sauka, ya sake, sai da kunnensa ya gamsu.

Sannan ya ɗauko tsoho, da hantsi, ba taro ba kiɗa. Jirgi ya sheƙa, ya rabu da ƙasa sumul, inji na ruri murya ɗaya. Ya kwanta da fiffike a kan fadama, ya sassauta. Tsoho ya manna goshi a gilashi. Kogi ya fara gani, yana walƙiya kamar an shimfiɗa azurfa, sai koren albasa, fage bayan fage. Ya yi ta tasbihi, hawaye na bin gemunsa. Can sai ya daki cinyar ɗansa ya ɗaga murya sama da ƙarar inji: “Kai! Wa ya ja mini kunyoyin gabas ɗin can? A karkace suke!” Ɗan ya yi dariya har da ƙwalla, don ya tabbata tsoho ya gani, gani na sosai.

Ka ji, maigidana. Da ma Hausawa sun ce, sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.