Ɗigo Uku a Kan Kwali

Duk ranar Asabar da safe, tsohon direba yakan shiga gareji, ya taka wata kujerar katako mai gurguwar ƙafa, ya sauko da gwangwanin madara daga saman kantar ajiye kaya. Baƙin mai ne a ciki, tsohon man inji. Sai ya ɗiga ɗigo uku a kan kwalin da ke shimfiɗe ƙarƙashin motarsa, ya mayar da gwangwanin bayan robobin fenti, ya goge hannu, ya fito ya zauna yana jiran ɗan autansa kamar mutumin kirki.

Shekara sha tara motar ta yi a lulluɓe da tamfol, kafin Auta ya ce zai tayar da ita da hannunsa. Shi kuwa ma'aikacin ofis ne, ilimin kanikancinsa duk a waya ya koyo shi. Tsohon ya yi dariya har da tari, amma bai hana ba.

Kafin nan, sai a yi wata uku ba a ga ƙeyar Auta ba. In ya zo ma, "Baba, ya jiki?" ne kawai, sai kallon agogo. Da aka yaye tamfol kuwa, kowace Asabar yana nan tun hantsi har la'asar sakaliya. Ya yanke ƙasan motar inda tsatsa ta cinye, ya yi walda, ya goge, ya shafa fenti. Ya sauya robar gilashi inda ruwan sama ke shiga, ya liƙe lagireto. Tsohon yana gefe yana miƙa sifana yana kushe aikin. Rabon da ya ji daɗin duniya haka, ya manta.

Wata rana Auta ya fito daga ƙarƙashin mota ya ce, "Baba, saura yoyon mai kaɗai. Da ya tsaya, an gama, ni ma in huta."

Ya sa sabon gasket, wato abin da ke toshe yoyon mai a inji, ya shimfiɗa kwali don a gani. Kwana shida tsohon yana leƙawa, kwali fari tas. Ya san ranar da mota ta warke, ranar ɗansa zai koma baƙo. A rana ta bakwai ya nemo gwangwanin madara.

Wata uku ke nan ana haka. Auta ya sauya gasket sau biyu, ya ɗaure kusoshi, ya kwance, ya sake ɗaurewa. Kullum yakan ɗaga kwalin, ya girgiza kai, ya ce, "Wannan mota da taurin kai take, Baba."

"Tsohuwa ce, sai da lallashi," in ji tsohon, yana kallon wani gefe.

Wani lokaci kunya takan kama shi, musamman in ya ga yatsun yaron duk sun ƙuje. Amma yakan lallashi zuciyarsa da cewa abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gano ba. Ga shi kuma komai yana zuwa masa da sauƙi. Auta ya koma shimfiɗa kwalin kusa da bakin mota, wai don haske, shi ke nan tsoho ya huta da rarrafe. Gwangwanin ma ɗan ƙarami ne, amma man ya ƙi ƙarewa, abin da tsohon ya ɗauka albarkar tattali ce.

To, rana dubu ta ɓarawo. Wata Asabar kujerar ta goce tun hannunsa bai kai ga gwangwanin ba, sai ga shi a ƙasa da targaɗe a idon sawu. Matarsa ce ta kama shi zuwa ɗaki tana faɗa.

"Da girmanka, me ka hau nema?"

"Sifana," ya ce.

Zafin ƙafar bai dame shi kamar farin kwalin ba. Yana kwance Auta ya iso, ya duba ƙafar, ya yi masa sannu, ya tambayi inda ya faɗi, sannan ya wuce gareji. Tsohon ya kasa kunne yana jiran a zo a yi masa albishir ɗin da ba ya so.

Can sai ga Auta da kwali a hannu. Ɗigo uku ne a kai, baƙi ƙirin.

"Har yanzu, Baba. Sai dai mako mai zuwa."

Tsohon ya kalli kwalin ya ƙara kallo. Ashe motar yoyon gaske take yi? Ya ji wani sanyi a ransa, ya ce lalle Allah ne ya dubi tsufansa ya rufa masa asiri. Har ya samu bakin yi wa yaron faɗa a kan ɗaurin kusoshi.

Duk da haka bai yarda ya bar wa sa'a aikin ba. Asabar ta gaba ya dogara sanda ya lallaɓa gareji. Kujerar ba ta nan. Ya ɗaga kai, ya zura sanda bayan robobin fenti, babu gwangwani.

Da ya sunkuyar da kai sai ya gan shi a kantar ƙasa, daidai tsayin hannunsa, cike fal da baƙin mai. An manna masa 'yar takarda, da rubutun Auta: "Baba, wata uku ni nake cika maka shi. Ka ci gaba da ɗigawa, amma don Allah ban da hawa kujera."