Awon Yatsa

"A sake rage shi?" tsohon maƙerin zinariya na kasuwar Kwatano ya tambaya. "Yaro, ba ka ciyar da amaryar nan ne?"

Saurayin bai yi dariya ba. Babur ɗinsa na haya ya sayar kafin ya iya sayen zoben baikon. Tun da ta kwanta asibiti take ramewa, shi kuma yake kawowa ana ragewa.

"A ƙara shi, Baba," ya ce, ya miƙa nasa yatsan.

Tsohon ya dubi yatsan, ya gane ta rasu. Can ya kwance wani ƙullin tsumma. Gutsattsarin zinariyar da ya yi ta yankewa ne a ciki.

"Na adana mata ne," ya ce, "don ranar da za ta yi ƙibar aure."