Gwajin da Malam Gali Ya Nace a Kai

"Likita, me kike nufi da ba za a yi masa ba?" Abdulbaƙi ya buga tebur.

Tun safe ya baro aikinsa a masana'antar fata ta Challawa, ya ɗauko mahaifinsa Malam Gali zuwa asibiti, don tsohon ya kafe sai an yi masa gwajin ciwon dajin hanji.

Likitar ba ta ɗaga murya ba. "Baba ya haura tamanin, gwajinsa na baya lafiya lau, kuma babu abin da ke damunsa. A shekarunsa, haɗarin wankin ciki da zura kyamara ya fi amfaninsa. Lokacin dainawa ya yi."

"Wato don ya tsufa sai a zuba masa ido? Ciwon nan ne fa ya kashe mahaifiyata!"

Malam Gali ya kamo hannun rigar ɗansa. "Zauna. Na san amsar nan, tun bara aka faɗa mini."

"To Baba, me ya kawo mu?"

Tsohon ya juya wajen likitar. "'Yar nan, yaron nan shekararsa hamsin ba ɗaya. Duk rigunansa sun yi masa yawa. Ina ganin jini a banɗakinmu, kuma ba nawa ba ne. In don kansa ne, har abada ba zai tako asibiti ba. Sai don ni."



Likitar ta juyo da kujerarta. "Malam Abdulbaƙi, tun yaushe?"