Malam Ya Yafe, Kotu Ba Ta Yafe Ba

Dogo direba ne a wani kamfani mai rarraba magunguna. Kullum da safe yakan loda kwalaye a farar motar kamfanin, ya bi shagunan magani yana saukewa. Abokan aikinsa kan tsokane shi da cewa da sitiyari a hannu aka haife shi, domin da hannu ɗaya yake tuƙi, ɗayan kuwa ba ya rabo da waya. In manaja ya yi masa faɗa sai ya yi dariya ya ce, "Ranka ya daɗe, ni da titin nan ai mun saba."

Da aikin nan yake riƙe da matarsa da 'ya'yansu mata biyu, da mahaifiyarsa da tsufa ya kwantar.

Wata safiya, ya kusa mararrabar da ke gaban wata makarantar firamare, sai saƙo ya shigo. Yayansa ne ke yi masa tsiya, don ƙungiyar ƙwallon da Dogo ke so ta sha kashi. Ya sunkuya yana murmushi, yana rubuta amsa da babban yatsa. Bai ga danja ta ba da ja ba. Ƙarar da ya ji a gaban motar ce ta sa ya ɗago.

Wani malamin makarantar ne ke tsallakawa, da littattafan ɗalibai a hammata. Dogo ya fito, ya tarar da shi kwance ba ya motsi, littattafan sun watse a kwalta. Da shi aka ɗauki malamin zuwa asibiti. Daga can 'yan sanda suka wuce da shi ofishinsu, suka ɗauki jawabinsa, suka riƙe mota da waya da lasisi. Yayansa ne ya tsaya masa aka ba da belinsa.

Likita ya ce ƙashin bayan malamin ya karye, ba zai sake takawa ba. Dogo ya je dubiya, ya durƙusa a bakin gado yana kuka.

Malamin ya ce, "Tashi, ɗan'uwa. Na yafe maka duniya da lahira. Abu ɗaya kawai nake son sani. Me kake kallo a wayar?"

Dogo ya share hawaye, ya miƙe, ya yi masa sallama.

Duk da haka ya koma gida da ɗan sanyi a rai, ya ce wa matarsa, "Magana ta mutu, Malam ya yafe." Lauyan da yayansa ya samo ne ya warware masa zare da abawa.

"Malam ya yafe haƙƙinsa, Allah ya saka masa da alheri," in ji lauya. "Amma ba shi ya kai ƙara ba, hukuma ce. Ana tuhumarka da tuƙin ganganci da jikkata mutum. Wannan ba a janye shi a bakin gadon asibiti."

A kotu mai gadin makarantar ya ba da shaidar cewa ya ga direban kansa a sunkuye. Ɗan sanda ya ce babu ko alamar birki a titin. Sannan aka kira yayan Dogo, aka tambaye shi ko shi ya tura saƙon da aka gani a wayar. Ya dubi ƙaninsa, ya sunkuyar da kai, ya ce, "Ni ne."

Alƙali ya ce ya duba cewa wannan ne laifinsa na farko, bai gudu ba, kuma wanda ya raunata ya yafe, don haka zai sassauta. Sassaucin shi ne ɗaurin shekara guda, da biyan kuɗin jinya, da soke lasisinsa na wasu shekaru.

Kamfani ya sallame shi. Kuɗin haya ya gagara, matarsa ta kwashe yara suka tare a ɗaki ɗaya a gidan yayansa. Tsohuwa kuwa aka ɓoye mata, aka ce aiki ne ya kai shi nesa.

Wata ranar ziyara yayansa ya zo gidan yari shi kaɗai, ya tsaya a bayan ragar ƙarfen da ta raba su, ya ce:

"Sai haƙuri, Dogo. Inna ta rasu, jiya muka kai ta. Har ta cika tana tambaya ko ka dawo daga tafiyar."

Dogo ya riƙe ƙarfen da hannu biyu har ganduroba ya ce lokaci ya yi.

Ran da aka sake shi, yayansa ya zo ɗaukarsa, Dogo ya ce kafin gida a kai shi kabarinta. Da suka isa wajen mota, yayan ya miƙa masa makulli kamar yadda ya saba yi tun da can. Dogo ya dube shi, ya girgiza kai.

"Yaya, ba ni da izini."

Ya zagaya ya zauna a gefe. Yanzu dako yake yi a wani sito, domin duk inda ya nemi aiki, da an ji an taɓa ɗaure shi sai a ce ya je za a neme shi. Malamin kuma yana gida a keken guragu, wani ne ke koyar da ajinsa.

Jama'a, wanda ya kama sitiyari rayukan mutane ya kama. Saƙo zai iya jira ka tsaya a gefen hanya. Ko wanda ka cuta ya yafe, doka za ta bi kadinsa, kuma ba kai kaɗai za ka ɗanɗana hukuncin ba, har da iyalinka.