Abin da Kawu Falalu Ya Samo

"Kon-se-gi," in ji Sa'adatu, karo na tara. "Gi, Kawu. Ba ji ba."

"Konseji," in ji Kawu Falalu, yana washe baki kamar ya ci jarrabawa.

Ta tura ɗan littafin gefe. Ƙato da gemu, kalma guda ta gagare shi tun Talatar da ta wuce! Ita kuwa bara ta gama firamare a Maradun, yanzu har rubutun jikin kwalin sabulu sai ta karance shi. Duk ƙauyen wa ya kai ta? Babu.

Falalu ƙanen Innarta ne, balangu yake sayarwa a ƙofar sansanin ma'aikatan da ke gina dam. A can ya liƙe wa wani Bature mai awon ƙasa, wanda Sifaniyanci ne yarensa. Shi ya ba Kawu littafin, Sifaniyanci a hagu, Ingilishi a dama. Kawu ko harafi ɗaya na boko bai sani ba, shi ya sa ya kawo mata.

Bai nemi gaisuwa ba. Ko sunan nama bai nema ba. Abu ɗaya tak yake so: yadda ake cewa "na samo". Ta binciko masa: conseguí.

"To mi kas samo, Kawu? Ƙuda?"

"Ke dai koya min, ɗiyata."

A lokacin an riga an kafa jajayen turaku a fadamar garin, har tsakiyar albasar babanta, Liman Abdulmumini. Wai hanyar ruwa za ta bi ta nan. In fadamar ta tafi, abincin gidansu ya tafi. Kullum maza na gindin tsamiya suna kumfar baki, cikinsu babu mai iya rubuta ko wasiƙa. Sa'adatu sai ta leƙa ta katanga ta ja tsaki.

Ran Alhamis sai ga Kawu da takardu. Wai abokinsa Bature ya tausaya, ya sa an buga koke, a kai wa manya a tuge turakun. Shafin farko yana can ana sa masa hatimi. Waɗannan na sunaye ne, layuka kawai. Mai kyan rubutu ake nema.

Wa kuma zai yi in ba ita ba?

Bayan an sauko Juma'a ta zauna a zauren babanta da biro. Magidanta arba'in da uku suka yi layi a gabanta. Ta rubuta suna, mutum ya dangwala yatsa a tawada ya danna. Wani ya danna a karkace, wani ya goge sauran a rigarsa. Kai, waɗannan mutane!

Tsoho Yari ya tsaya da yatsa a sama. "Wai mi takardag ga tac ce?"

"Haba Baba Yari," in ji Kawu. "Ɗiyal Liman na riƙe da biro, kai kana tambaya?"

"Koke ne, Baba," ta ce, ko kai ba ta ɗaga ba. "Danna mu wuce."

Ya danna. Babanta ya danna na ƙarshe, ya sa mata albarka.

Washegari da hantsi Inna ta aike ta kai wa Kawu yaji. Tana isa ƙofar sansanin, motar Baturen na tsayawa. Kawu ya goge hannu ya ruga, ya miƙa takardun yana ɗan rusunawa.

"Lo conseguí!"

Tsaf kalmar ta fito, babu ko gargada. Sa'adatu ta taɓe baki. Ashe daƙiƙi ma yana ganewa in an sha wahalarsa.

Baturen ya yi dariya, ya dafa kafaɗar Kawu. Ya ciro wani shafi daga jaka, ya ɗora a kan rubutunta, ya shimfiɗa su bisa murfin mota yana laluben abin maƙalewa. Ta matso da ƙullin yajin a hannu. Ingilishi ne, mai sauƙi ma, nan take ta karance shi.

Mu masu sunaye a baya, da yardar ranmu, mun sallama fadamarmu.

Can ƙasa kuma, a gurbin wanda ya karanta wa jama'a ya fassara musu, tuni an buga suna da tafireta: Sa'adatu Abdulmumini.