Wanda Ya Cire Haƙoran Hajiya Uwani

Dakta Sharhabil ya ɗaga hoton ƙashin, ya ja tsaki har sau biyu. Ƙashin muƙamuƙin Hajiya Uwani na ƙasa ya sirance kamar bakin wuƙa, babu inda za a kafa haƙoran dashe.

"Hajiya, wane mahauci ne ya cire miki haƙoran nan uku? Har ƙashi ya ɓalle!"

Tsohuwar, wadda ta zo takanas daga Rigachikun ta ce shi kaɗai zai taɓa bakinta, ta saci kallon Harira ma'aikaciyar jinya, ta sunkuyar da kai. "An daɗe, ɗan nan. Shekara ashirin."

Dakta kuwa mutum ne mai ji da kansa, kuma abin ya ba shi haushi ƙwarai. Ya rantse sai ya kai ƙarar mutumin nan an ƙwace lasisinsa. Ya faɗa wa Harira, ya faɗa wa sauran likitoci, har matarsa ta gaji da ji.

Ranar aikin ya yi wa Hajiya allurar kashe zafi, ya ɗauki ƙarfe da hannunsa na hagu, ya tsaga ƙashin ta tsawonsa. Ya buɗa shi a hankali, ya cika tsakiyar da garin ƙashi, ya ɗinke. Yana yi yana yi wa mahaucin tas. Hajiya baki a buɗe, ba damar magana, sai kafaɗunta ke rawa. Ya ɗauka tsoro ne, ya rarrashe ta.

Bayan wata huɗu ƙashi ya yi faɗi, aka kafa kusoshi, daga baya aka ɗora haƙora. Hajiya ta tauna tsire har da lumshe ido. Takardar ƙara kuma tuni an buga ta, suna kawai ya rage. Dakta ya matsa mata sai ta kawo tsohon katin asibitin da aka cire mata haƙoran.

Ta kawo, amma sai da Harira ta fita ta zaro shi daga jaka.

"Nauyin faɗa nake ji a gaban mutane," in ji ta. "Ɗan bautar ƙasa ne, sabon hannu a lokacin. Na ce bari in ba shi lokaci ya ƙware tukuna."

Ya cire murfin biro, ya duba ƙasan katin domin kwafe sunan. Da rubutun bahagon nan da ya sani sarai, an sa hannu: Dakta Sharhabil.