Yajin Ruƙayyatu

Tsohuwar ta ƙi matsawa daga gaban teburin Sagiru.

Da hantsi ta shigo 'yar kasuwar unguwa ta Harra ta Gabas a Madina, tana dogara sanda, tana jan ƙafar hagu. Ta wuce masu dabino, ta wuce masu kuka da busasshiyar kuɓewa, ba ta tambayi kowa hanya ba. Kai tsaye ta nufi teburin da aka jera kwalabe masu jar takarda: Yajin Ruƙayyatu.

Duk Bahaushen Madina ya san sunan nan. Shekara shida ke nan Sagiru yana cin abinci da shi.

Ta buɗe kwalba ɗaya, ta dangwala da yatsa, ta kai ƙarƙashin niƙabi. Sai ta tofar.

"Ina kimba? Ina masoro? Wannan ai gishiri ne da barkonon inji. Cire sunan nan."

"Ya Hajiya, in ba saye za ki yi ba, ba wasu wuri."

Ina! Ta kafa sanda a ƙasa, ta ce ko baladiyya, wato hukumar gari, zai kira ba ta tafiya sai ya ɓare takardun. Mata suka fara taruwa. Wata da ta ɗauki kwalba biyu ta mayar da ɗaya. Sagiru ya san in sunan ya tafi, kasuwarsa ta tafi.

"A turmi ake daka shi," in ji tsohuwar, tana ɗaga tafin hannunta mai kanta. "Citta sai ta sha rana kwana uku. Kai ko ƙamshinsa ba ka sani ba."

Ran Sagiru ya ɓaci. Ya ɗaga murya yadda har Bakri mahauci, da ya fi kowa daɗewa a kasuwar, ya ajiye wuƙa ya leƙo.

"Ni za ki koya wa? A hannun mai sunan na koya! Uwa ce a gare ni. Da ciwo ya kayar da ita, ni na yi jinyarta, da kafaɗar nan na ɗauki gawarta. Allah ya jiƙan Hajiya Ruƙayyatu!"

Mata suka amsa da amin. Bakri kam bai amsa ba, ya tsura wa sandar ido, baki buɗe.

"Amin, ɗan nan," in ji tsohuwar. "Amma ka bari in mutu tukuna."